Yadda tawagar ɗalibai za ta gina manhajar haɗa masoya mai raha

Idan malami ya ce ku kafa tawaga ku gina manhajar intanet a cikin zangon karatu ɗaya, manhajar haɗa masu neman masoyi tana cikin ayyukan da suka fi koyar da abubuwa da yawa a lokaci guda. Akwai rajista da shiga, akwai ɗora hoto, akwai lissafin wa ya dace da wa, akwai hira, sannan akwai sirrin mutane da ya zama amana a hannunku. Kuma abokan karatunku za su gwada ta ba tare da kun roƙe su ba, gatan da manhajar ƙididdigar littattafai ba za ta taɓa samu ba.

Ɗalibai sun daɗe suna wannan aiki. A 1965 wasu ɗaliban Jami'ar Harvard a Amurka suka kafa Operation Match: mutum ya cika takardar tambayoyi, ya haɗa da dala 3 ya aika, a huda amsoshinsa a kan kati a ba kwamfutar IBM, bayan wani lokaci a turo masa sunayen waɗanda suka dace da shi. A jami'ar dai, ɗaliban kwamfuta suna gudanar da irin wannan shirin mai suna Datamatch tun 1994. Marriage Pact kuwa, wadda ita ma ke haɗa ɗalibai ta hanyar tambayoyi, ta faro ne a Jami'ar Stanford a 2017 daga aikin aji na wani darasin tattalin arziki. Babu ɗayansu da ta fara da tarin abubuwa. Kowacce wasa guda ɗaya ta riƙe, ta yi shi da kyau. Haka nake so ku yi: raha ta tsaya a fuskar manhajar, amma cikinta, inda bayanan mutane suke, a gina shi ba da wasa ba.

## Mataki na farko: ku yanke wasa guda ɗaya

Kafin kowa ya buɗe kwamfuta, ku zauna ku amsa tambaya ɗaya: me mai amfani zai yi a minti biyun farko har ya ji yana son ya sake? Manhajar haɗa masoya ta Tinder, wadda ta fito a 2012, ta shahara da jan hoto da yatsa, dama idan kana so, hagu idan ba ka so. Amma ainihin dabararta ita ce ba wanda zai san ka so shi sai idan shi ma ya so ka. Wannan ya cire fargabar a ƙi mutum a fili. OkCupid, tun 2004, tambayoyi ta sa a gaba. Bumble ta zo a 2014 da sharaɗin cewa idan namiji da mace suka dace, macen ce za ta fara magana.

Yawancin tawagogi kwaikwayon Tinder suke fara kawowa, kuma a ganina shi ne zaɓi mafi rauni gare ku. Dalili kuwa yawan mutane. Jan hoto yana da daɗi ne idan akwai dubban katuna a layi. Ku da za ku samu mutum sittin ko ɗari, mai amfani zai ƙarar da kowa cikin minti biyar, ya ga allo fayau, ya rufe bai sake dawowa ba. Saboda haka ku nemi wasan da ƙarancin mutane ba ya kashe shi. Misali, kati uku kacal a rana. Ko haɗi ɗaya a mako, a fitar da shi ga kowa a sa'a ɗaya, mutane su zauna jiran lokacin. Ko kowa ya rubuta gaskiya biyu da ƙarya ɗaya game da kansa, sai wanda ya gano ƙaryar ne zai samu damar turo saƙo. Ko hoton mutum ya fara a dushe, ya riƙa washewa yayin da hira ke tsawo. Ku ɗauki ɗaya, ku rubuta shi a jimla ɗaya, ku manna inda kowa zai gani.

Akwai rahar da za ku guje wa tun yanzu: duk wasan da ke jera mutane bisa kyau ko ba su maki a bainar jama'a. A 2003 Mark Zuckerberg ya yi Facemash, ya kwashi hotunan ɗaliban Harvard ba da izininsu ba, yana jera biyu-biyu a zaɓi wanda ya fi kyau. Cikin 'yan kwanaki aka rufe shafin, shi kuma ya gurfana gaban kwamitin ladabtarwa na jami'ar. Ma'aunin mai sauƙi ne: mai amfani ne ke dariya, ko dariya ake yi masa?

## Mataki na biyu: takarda da biro

Ku zana allo biyar: rajista, cika kati, wasan kansa, jerin waɗanda aka dace da su, da hira. A takarda ko a manhajar zane ta Figma, duk ɗaya. Ku miƙa wa wani da ba ya cikin tawagar, ku ce ya nuna da yatsa inda zai danna. Inda ya tsaya yana duba ku, nan ne zanen ya gaza.

Sai ku rubuta jerin abubuwan da ba za ku yi ba: kiran bidiyo, biyan kuɗi, manhajar waya ta daban, fasahar ƙirƙirarriyar basira mai ba da shawarar soyayya. Wannan jerin zai raba gardama a mako na bakwai, lokacin da wani zai zo da sabuwar dabara da yake ganin ba za ta ɗauki lokaci ba.

A wannan matakin ne kuma za ku tambayi malaminku ko an yarda ku sa mutane na gaskiya, ko da bayanan bogi kawai za ku yi aiki. Makarantu da yawa suna da ƙa'ida a kan tattara bayanan ɗalibai. Idan mutane na gaskiya ne, sai ɗan shekara 18 zuwa sama, ba sassauci.

## Mataki na uku: rabon aiki da kayan aiki

Abin da aka saba shi ne a ce biyu su riƙe fuskar manhaja, biyu su riƙe saba, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatun masu amfani tana sarrafa bayanansu. Matsalarsa ita ce ɓangarorin ba sa haɗuwa sai a ƙarshe, ranar da za a gano kowa da abin da ya fahimta. Ya fi kyau a raba bisa aiki: ɗaya ya ɗauki rajista da kati tun daga allo har rumbun bayanai, ɗaya wasan da lissafin dacewa, ɗaya hira, ɗaya kariya da ɗora manhajar a intanet. Haka kowa zai taɓa ko'ina, kuma ranar gabatarwa ba wanda zai yi zuru idan aka tambaye shi. Amma tsarin rumbun bayanai mutum ɗaya zai riƙe, duk mai son canji ya bi ta hannunsa.

Kayan aiki kuwa, ku ɗauki wanda yawancinku suka riga suka iya. Idan Python ce, Django ta zo da tsarin rajista da shiga a shirye, da shafin gudanarwa da zai amfane ku wajen duba ƙorafi. Idan JavaScript ce, Express a saba, React ko Vue a fuska. Rumbun bayanai, PostgreSQL. Bayanan wannan manhaja duk alaƙa ce tsakanin mutum da mutum, irin aikin da aka yi SQL, harshen tambayar rumbun bayanai, dominsa ke nan. Kada ku ɓata mako guda kuna muhawarar wanne ya fi. Duk za su ɗauki mutum ɗari ba tare da gumi ba.

A Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, kada kowa ya rubuta kai tsaye a babban reshe, wato ainihin kwafin aikin. Kowane aiki da ƙaramin reshensa, wani ya karanta kafin a haɗe, kuma kada reshe ya wuce kwana biyu ko uku a ware, don yadda ya daɗe haka haɗe shi ke wahala. Kalmomin sirri na rumbu da mabuɗan sabis su zauna a fayil ɗin .env, a sa sunansa a .gitignore, jerin fayilolin da Git zai ƙyale, tun ranar farko. Idan mabuɗi ya kuɓuce ya hau GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, goge fayil ɗin bai isa ba, domin yana nan a tarihin Git. Canza mabuɗin za a yi nan take.

## Mataki na huɗu: rumbun bayanai

Nan ya kamata ku daɗe. Tebur shida ko bakwai sun isa. Na masu amfani yana ɗauke da imel, niƙaƙƙiyar kalmar sirri (wadda aka sauya ta yadda ba a iya karanta ta) da ranar haihuwa. Ranar haihuwa za ku adana, ba shekaru ba, don shekaru suna canzawa, ranar kuwa tana nan. Na katuna yana ɗauke da abin da wasu za su gani: sunan da mutum ya zaɓa, ɗan bayani, hoto, da irin wanda yake nema. Raba waɗannan biyun da gangan ne, don kada wata rana imel ɗin mutum ya bi katinsa ya fita. Sai teburin amsoshin tambayoyi, da na zaɓi mai nuna wa ya zaɓi wa, so ne ko a'a, da yaushe. Sai na dacewa, na saƙonni, da na toshewa da ƙorafi.

Ga wurin da tawagogi da yawa ke tuntuɓe. A ce mai lamba 17 ya danna "ina so" a kan katin mai lamba 42, ita ma a daidai wannan daƙiƙa ta danna a kan nasa. Saba ta karɓi buƙata biyu tana aiki da su tare. Abu biyu na iya faruwa. Ko kowace buƙata ta duba ta ga zaɓin ɗayan, kowacce ta ƙirƙiri dacewa, sai a samu layi biyu, 17 da 42, da kuma 42 da 17. Kowa ya buɗe nasa ɗakin hirar yana magana shi kaɗai, yana zaton an share shi. Ko kuma kowacce ta duba tun ɗayar ba ta kammala adanawa ba, ba wadda ta ga komai, mutum biyu suna son juna amma manhajar ta yi gum.

Maganin yana da sassa biyu. Na farko, a teburin dacewa kullum ƙaramar lamba ce a gaba, wato 17 sannan 42 ko wa ya fara, sai a sa wa ginshiƙan biyu sharaɗin UNIQUE mai hana maimai, a rubuta da ON CONFLICT DO NOTHING, wato idan layin yana nan a bar shi. Rumbun da kansa zai ƙi layi na biyu. Na biyu, a fara adana zaɓin har ya tabbata a rumbu, sannan a duba ko akwai na ɗaya ɓangaren. Da wannan jeri, wanda ya zo na biyu dole ya ga na farko. A kwamfutarka kai kaɗai ba za ka taɓa ganin wannan matsala ba, sai ranar da aji guda suka shiga tare. Kuma malamin da ya san aikinsa zai tambaya.

## Mataki na biyar: siririn zare daga farko har ƙarshe

Kafin ƙarshen mako na uku, ku samu manhajar da ke aiki daga rajista zuwa saƙon farko, ko da ba kwalliya ko kaɗan: mutum ya yi rajista, ya ga kati, ya danna, a dace, ya rubuta "sannu" ɗayan ya gani. Baƙin rubutu a farin allo ya isa. Sai ku ɗora ta a intanet a makon nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Matsalolin ɗorawa, irin su adireshin rumbu da ya bambanta, hotuna da ke ɓacewa idan saba ta sake tashi, da kukis (ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza) da ba sa aiki sai da HTTPS, wato amintacciyar hanyar sadarwa da shafi, duk suna jiranku, gara ku gamu da su da sauran lokaci. Takardar shaidar HTTPS kyauta ce ta hanyar Let's Encrypt, kuma yawancin masu ba da masauki suna haɗa ta da kansu.

Daga nan kowane mako ƙari ne a kan abin da ke aiki. Ku gwada a waya tun farko, don a waya kusan kowa zai buɗe ta.

## Mataki na shida: lissafin dacewa

A fara da tacewa, sannan maki. Tacewa ita ce cire duk wanda bai kamata a nuna ba: kai kanka, wanda ka riga ka zaɓa, wanda ɗayanku ya toshe ɗaya, da wanda sharuɗɗanku ba su haɗu ba. Sharuɗɗan ta ɓangare biyu ake dubawa. Bai isa ita ta shiga cikin shekarun da yake nema ba, sai shi ma ya shiga cikin nata.

Wajen maki, hanyar da OkCupid ta bayyana a fili tana da sauƙin ginawa da sauƙin kārewa a gaban malami. Kowace tambaya amsa uku take nema: amsarka, amsar da za ka karɓa daga wani, da yadda abin ya dame ka. Muhimmancin suka ba lambobi 0, 1, 10, 50 da 250, daga "ba ruwana" zuwa "dole".

Mu gwada da tambaya uku. Mai lamba 17 ya ba su muhimmanci 50, 10 da 1, jimla 61. Amsoshin 42 sun gamsar da shi a ta farko da ta uku, ta samu 51 cikin 61, kusan kashi 84 cikin ɗari. Ita kuma ta ba tambayoyin 10, 50 da 10, jimla 70. Amsoshinsa sun gamsar da ita a ta farko da ta uku, amma ya faɗi a wadda ta fi damunta, ya samu 20 cikin 70, kusan kashi 29. Idan aka haɗa biyun aka raba biyu, za a ce sun dace da kashi 56. Amma abin da ake yi shi ne a ninka su da juna a ɗauki saiwar murabba'in sakamakon, sai a samu kusan kashi 49. Bambancin ya fi fitowa a ƙarshen ma'auni: idan shi ya gamsu ɗari bisa ɗari ita kuma sifili, raba biyu zai ba da 50, wannan hanyar kuwa sifili za ta ba da. Kuma sifilin ne gaskiya, don son ɓangare ɗaya ba dacewa ba ce. Sai dai kada ku nuna kaso sai mutanen biyu sun amsa tambayoyi aƙalla goma iri ɗaya, in ba haka ba tambaya guda za ta haifar da kashi 100 na ƙarya.

Kada nauyin lissafi ya tsorata ku. Mutum 200 suna ba da haɗi 19,900 ne kawai idan aka gwada kowa da kowa, abin da kwamfutar hannu za ta gama kafin ka ɗago kai.

Idan wasanku na haɗi ɗaya ne a mako, to maki kaɗai ba su isa ba, don mutum goma za su iya samun mace ɗaya a saman jerinsu. A nan dabarar David Gale da Lloyd Shapley ta 1962 ke shigowa. Akwai rukuni biyu, kowa ya jera 'yan ɗaya rukunin bisa yadda ya fi so. A wurinku makin da kuka lissafa ne zai yi jerin. 'Yan rukunin farko kowa ya nemi na saman jerinsa. Wadda aka nema ta riƙe mafi soyuwa a cikin masu nemanta, riƙon wucin gadi, ta sallami saura. Waɗanda aka sallama su nemi na gaba a jerinsu, ita kuma idan wanda ya fi ya zo, ta saki na hannunta. A ci gaba har kowa ya zauna. Sakamakon shi ne ba za a samu mutum biyu da suka fi son juna a kan waɗanda aka ba su ba. Wannan aiki yana cikin abin da ya sa Shapley da Alvin Roth suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2012, kuma kod ɗinsa bai wuce layi talatin zuwa arba'in ba.

Abu biyu za ku sani game da ita. Rukunin da ke nema shi ke samun mafi kyawun rabo, don haka adalci shi ne ku riƙa juya wanda zai nema mako-mako. Sannan idan rukunan ba su kai juna yawa ba, wasu za su tashi ba kowa. Ku shirya abin da za ku nuna musu, cikin ladabi da ɗan barkwanci, ku sa su a gaba a zagaye mai zuwa. Allon da ya ce "ba a samu wanda ya dace da kai ba" zai iya ɓata wa mutum yini, kuma ku ne kuka rubuta shi.

Za ku ji ana maganar makin Elo, tsarin auna ƙarfin 'yan wasa da aka aro daga wasan dara na ces, Tinder ta taɓa amfani da irinsa kafin ta ce ta daina a 2019. Ku bar shi. Yana buƙatar dubban zaɓi kafin ya yi ma'ana, kuma a ƙarshe jera mutane yake yi bisa farin jini.

## Mataki na bakwai: hira

Ku fara da hanya mafi sauƙi: burauza ta riƙa tambayar saba kowane daƙiƙa uku zuwa biyar ko akwai sabon saƙo. Ga mutum ɗari wannan ya wadatar. Idan lokaci ya rage, sai ku koma WebSocket, wato buɗaɗɗen layi tsakanin burauza da saba, ta hanyar Socket.IO ko Django Channels, saƙo ya riƙa isa nan take. Ko wacce kuka bi, a fara adana saƙo a rumbu kafin a tura shi.

Duk abin da mutum ya rubuta, a nuna shi a matsayin rubutu zalla. React da samfuran shafi (templates) na Django suna yin haka da kansu, sai dai idan wani ya kashe kariyar ko ya cusa rubutun ta innerHTML. Daga nan duk wanda ya turo kod a cikin saƙo, kod ɗin zai yi aiki a burauzar wanda ya karɓa.

Babbar matsalar hira ba ta fasaha ba ce: an dace, kowa ya yi shiru yana jiran ɗayan. Kuna da amsoshinsu a hannu, ku yi amfani da su. Ɗakin hira ya buɗe da layi irin "Ku biyun kun ce gara tashin asuba da raba dare" ko "Kun saɓa a tambaya ta huɗu, wa zai fara kāre kansa?" Aikin awa biyu ne, amma shi ne abin da mutane za su riƙa ba da labarinsa.

## Mataki na takwas: kāre mutane

Na sa shi na takwas ne don a jera, amma aikinsa tun mako na farko yake farawa.

Ku fara da wannan gwajin. Ku shiga a matsayin mai lamba 17, ku buɗe hirarsa, ku dubi adireshin da ke saman burauza. A ce ya ƙare da lamba 305. Ku goge ta ku rubuta 306. Idan hirar wasu mutane ta buɗe, manhajarku ba ta da ƙofa. Wannan rukunin kuskure, wato rashin tantance wa ke da izinin ganin me, shi ne na ɗaya a jerin manyan haɗurran manhajojin intanet goma da OWASP, ƙungiyar masana tsaron manhajoji, ta fitar a 2021. A kowace buƙata saba ta tambayi kanta: wanda ya shigo ɗin nan yana cikin mutum biyun da ke wannan hira? Ɓoye maɓalli a allo ba kariya ba ce. Haka kuma idan wasanku na hoto mai dushewa ne, a saba za a dusar da hoton. Idan kuka tura hoton garau kuka rufe shi da CSS, wato kod ɗin kwalliyar shafi a burauza, duk ɗalibin kwamfuta zai buɗe shi da danna biyu. Bayanin wa ya so wa ma kada ya bar saba sai an dace.

Kalmar sirri ba a adana ta yadda aka rubuta. A niƙe ta da bcrypt ko Argon2, ta hanyar laburaren kod da aka sani, ba wanda kuka ƙirƙira ba.

Hoton waya yakan zo da ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF, wanda sau da yawa ya haɗa da daidai wurin da aka ɗauke shi. Wadda ta ɗauki hoto a ɗakinta ta ɗora, ta ba da adireshinta ba ta sani ba. Saba ta sake sarrafa kowane hoto, ta rage girmansa, ta zubar da wannan bayanin, ta ba shi sunan da ba a iya hasashe. Pillow a Python ko sharp a Node suna yin wannan. Ku sa iyakar girman fayil, ku tabbatar hoto ne da gaske.

Nisa ma tarko ne. A 2014 masu bincike na kamfanin tsaro Include Security suka nuna cewa Tinder tana tura wa waya nisan mutum dalla-dalla, ta yadda idan aka auna daga wurare uku za a gano inda yake da kuskuren da bai wuce kimanin mita 30 ba. Shawarata ga aikin aji ita ce ku bar GPS gaba ɗaya. Tsangaya ko shekarar karatu sun isa, su ma idan mutum ya ga dama.

Maɓallin toshewa da na ƙorafi su kasance a kowane kati da kowace hira. Toshewa ta yi aiki ta ɓangare biyu, kuma kada a sanar da wanda aka toshe. Kawai ɗayan ya ɓace masa. Ƙorafi kuwa dole wani a tawagar ya riƙa dubawa kullum muddin manhajar na buɗe. Ku sa iyakar saƙonnin da mutum zai iya turawa a jere kafin a amsa masa.

Kada ku tambayi abin da wasanku ba ya buƙata. Dokar kāre bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki a 25 ga Mayu 2018, ta ware bayanan addini, lafiya da rayuwar jima'i a matsayin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma ƙasashe da dama suna da dokoki masu kama da ita. Ku duba ta inda kuke. A 2021 hukumar kāre bayanai ta Norwe ta ci tarar manhajar haɗa masoya ta Grindr kurona miliyan 65 na kuɗin Norwe saboda miƙa bayanan masu amfani ga kamfanonin talla ba da sahihin izini ba. Maɓallin goge asusu kuma ya goge da gaske, har hotuna da saƙonni. Lokacin da aka yi wa shafin neman masoya a ɓoye na Ashley Madison kutse a 2015, bayanan mutum sama da miliyan 30 suka fita, ciki har da na waɗanda suka biya dala 19 don a share su.

## Mataki na tara: gwaji da ranar gabatarwa

Ku cika rumbun gwaji da mutanen bogi ta laburaren Faker, da zanen fuskoki maimakon hotuna. Kada ku kwaso hoton kowa daga Instagram ko Facebook. Ku rubuta gwajin atomatik ko da guda huɗu ne: so ɗaya ba ya haifar da dacewa, so biyu na haifar da guda ɗaya tak, wanda aka toshe ba ya fitowa, baƙo ba ya karanta hirar wasu.

Sai ku samu mutum biyar daga waje, ku ba su waya, ku zauna a gefe ku kama bakinku. Wannan kama bakin ya fi komai wuya, don za ka ga mutum yana neman maɓallin da ke gaban idonsa. Ku rubuta inda suka maƙale, ku gyara uku mafi muni.

Saura mako biyu, a daina ƙara sabon abu, gyara kawai. Ranar gabatarwa ku zo da waya biyu, ɗaya a hannun malami idan ya yarda, a dace a gaban kowa, a tura saƙo ya isa. Idan masaukinku na kyauta ne, ku buɗe shafin minti goma kafin lokaci, don irin waɗannan sukan yi barci idan ba a taɓa su ba. Ku ajiye bidiyon minti biyu na manhajar tana aiki ko da intanet zai yanke. Ku nuna lissafin dacewa da misali ɗaya a allo, ku nuna gwajin canza lambar adireshi yana dawo da "ba ka da izini".

Bayan an ba da maki, ku yanke wa zai ci gaba da riƙe manhajar. Idan ba kowa, ku sanar da masu amfani ranar rufewa, ku goge rumbun da hotunan da duk kwafin da ke kwamfutocinku, ku soke mabuɗan. Kod ɗin, tare da bayanan bogi, ya zauna a GitHub don masu ɗaukar aiki su gani.